Gadon Inna a Bayan Motar Soja

Ranar da na fara ganin motar a Agadas, sai da na ja da baya na laɓe a bayan Baffa Isiya. Tana tsaye a filin wani Balarabe mai sayar da tsofaffin motoci, kalar kakin soja, hancinta a murtuke kamar an zagi ubanta. Tayoyi shida gare ta, kowace ta kusa kawo mini ƙirji. Wai sojojin wata ƙasa ce can arewa suka gama cin ƙuruciyarta suka yi gwanjonta, ta yi ta sauya hannu har ta faɗo nan.

"Baffa," na ce, "Inna za mu ɗauko ko yaƙi za mu?"

"Rufe mini baki, Nafi'u. Hau ka duba mini bayan."

Na hau. Wallahi da za a share bayan nan, sai a yi ɗaurin aure a ciki har da makaɗa.

Abin da ya kai mu Agadas shi ne Inna, kakata ta wajen uba. Ta je suna gidan 'yarta, Gwaggo Hanne, wadda ke aure a can, ta zame a makewayi, ƙashin kwatangwalonta na hagu ya karye. An yi ɗori, ya kama, amma kamun bai yi kyau ba. Ba ta iya zama, ba ta iya tsayuwa, kwanciya ma sai ta gefen dama kaɗai. Wata da watanni tana kallon bangon ɗakin mutane, har ta ce ita fa a mai da ita gida, ƙauyenmu da ke tsakanin Daura da Mai'adua, ko da a guntu-guntu ne. Likita ya ce in aka naɗe ta a ƙaramar mota aka bi da ita wannan hanyar, to guntu-guntun za a samu. Baffa Isiya, yayan babana, dillalin shanu ne, kuma mutum ne da in ya ji an ce abu ba zai yiwu ba sai hularsa ta karkace. Ya ce in Inna ba za ta shiga mota ba, zai gina mata ɗaki ya sa masa taya. Ni kuwa an haɗa shi da ni ne don ana hutun makaranta, Umma ta ce in tafi ko kajin gidan sa yi ƙiba.

Inna na ganina ta yamutsa fuska.

"Wai maigidana aka turo? Duk mazan Daura an rasa sai wannan mai wuya kamar na zalɓe?"

"Amarya, kin zo ƙasar mutane kin karya musu makewayi. Na zo biyan diyya."

Ta kai mini duka da mafici. A ranar hankalina ya kwanta, don matar da ke iya duka ba ta kusa mutuwa ba.

Aikin motar a garejin wani ɗan Togo aka yi shi, sunansa Kwasi, mai walda ne, Hausarsa kamar an tauna an tofar. Muka fara da cire bencinan da sojoji ke zama, da wasu ƙarafa da ya ce na jingine bindigogi ne. Na roƙi a bar mini ko guda ɗaya in riƙa rataya takalmina, Baffa ya harare ni. Aka yaye tsohon tamfol, aka tayar da bangon katako, aka yi rufi da katako, aka shimfiɗa zana a sama saboda rana. Kwasi ya ce sifirin ɗin motar an yi shi ne don ɗaukar igwa, in tsohuwa ce kaɗai a ciki za ta riƙa tashi sama kamar gyaɗa a faifai. Don haka ya zare wasu ganyayen sifirin, Baffa kuma ya sayo kantun gishiri aka jera a ƙasa don nauyi ya danne ta. Sai gado: na ƙarfe, an ɗaga wajen kai yadda ƙugunta zai huta, an yi masa ɗan shinge a gefe don kada ta mirgino, an jera tsofaffin tayoyin babur a ƙarƙashin katifa. Kwasi ya miƙe shi a tsawon motar, kai wajen direba inda jijjiga ba ta da yawa, ya like ƙafafun da walda a jikin bodin. Ya buga shi da guduma ya ce, "Wannan, ko mota ya mutu, gado yana nan."

Ni ne mai riƙe ƙarfe in yana walda. An ce kada in kalli wutar, ni kuwa duk abin da aka ce kada in kalla shi nake kallo. Washegari na tashi idanuna sun kumbura kamar ƙwan agwagwa, ji nake an zuba mini yashin Agadas duka a ciki. Na zauna a bayan gareji ina hawaye, rabi na walda ne, rabi na gida. Na gaji da taliya da shayi. Mutanen nan shayi da safe, shayi da rana, in ka yi atishawa a ba ka shayi. Tuwon dawa nake so da miyar kuka, da furar Daura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Kwasi ya same ni, bai yi dariya ba. Ya jiƙa tsumma ya ɗora mini, sannan ya ciro baƙin gilashinsa ya rataya mini a wuya.

"Ido naka biyu ne kawai, yaro. Ni ma uwa nawa yana nesa. Ka yi kuka, ka gama, ka zo riƙe ƙarfe."

Saura fenti, don Agali, Buzun da Baffa ya ɗauka direba, ya ce shi ba zai tuƙa mota mai kalar soja ba, kowane shinge sai an tsare mu, kuma akwai waɗanda ba su da shinge amma suna da bindiga. Baffa ya shiga kasuwa ya dawo da fentin da ya fi araha, ruwan hoda, irin na ɗakin amarya. Da muka gama shafa mata, motar da ta tsorata ni ta koma kamar ƙaton soja da aka ɗaura wa zani.

Gwaggo Hanne ce ta yi aikin ƙarshe. Ta kawo farin yadi sabo ful ta lulluɓe bango daga ciki don ƙura kada ta shiga, ta fesa turare har sai da ƙudajen unguwar suka yi hijira. Kowa ya leƙa ya ce ma sha Allah. Da sassafe, Inna na gyangyaɗi saboda maganin da aka ba ta, aka ɗauko ta aka kwantar. Baffa da Agali a gaba, ni da amaryata a baya.

Hanyar da ta fito daga Agadas ta nufo kudu suna kawai gare ta. Inda kwalta ta rage, gara inda babu. Amma dabarar Kwasi ta yi aiki, gadon na lilo a hankali, Inna na barci, ni kuwa da ba ni da tayoyin babur a ƙarƙashina, hanjina ya hau ya gaisa da maƙogwarona ya dawo.

Azahar ta same mu a wani fili da babu ko itacen da akuya za ta yi wa fitsari. Agali ya tsaya. Na ɗauko wa Inna dutsen taimamarta.

"Maigida, ina gabas?"

"Amarya, ba sai kin wahala ba. Tun da muka fito gabas kike kallo. Gyara na musamman muka yi miki."

Ina faɗa ina hura hanci, kamar ni na tsara.

"Kaina fa, ina ya nufa?"

"Kudu mana. Hanyar gida."

Na ga idonta ya hau kan katakon rufi, ya sauko kan farin yadin, ya bi shingen gadon. Ta ja numfashi ta shaƙi turaren Gwaggo.

"Kai a kudu," ta ce a hankali, "fuska a gabas, a kan hannun dama. Farin ƙyalle. Turare. Itace a sama. Maigida, saura me?"

"Saura me kamar yaya?"

"Saura ƙasa."

Sai a lokacin na gani. Na sha bin jana'iza a garinmu, na san yadda ake kwantar da mutum a kabari. Mu duka, da Baffa da Gwaggo da ni, mun taru da ƙauna da kuɗin shanu mun haƙa wa Inna kabari mai taya shida. Kwasi dai ba ruwansa, shi jijjiga ya duba.

Na kira Baffa. Ya hau tsani yana haki, ya durƙusa.

"Haba Inna, ai wannan kwanciyar sunna ce. Malamai ma haka suka ce a riƙa kwanciya."

Baffa ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ta dube ni.

"Gaya wa mai shanu na san sunna tun bai san hanyar rijiya ba. A ɗakina ma haka nake kwana. Amma a ɗakina babu wanda ya ɗauke ni yana tafiya da ni."

Muka ce to a juya ta, kai ya koma baya. Ba ta yiwu ba. Tudun da aka yi wa ƙugunta a like yake ta gefe ɗaya, in an juya ta kanta zai rataya ƙasa, a kan tayoyin baya, ta kuma ba alƙibla baya. Baffa ya kama ƙafar gadon ya girgiza. Kwasi bai yi ƙarya ba, ko motar ta mutu gadon yana nan.

Ta yi sallarta. Na dama mata fura, ta kau da ido. Na ba ta dabino, ta ce in ci. Ruwa ma sai ta jiƙa leɓe kawai.

A Adarbisanat muka nemi mai walda, aka nuna mana wani mai facin taya da ba shi da ko ashana. Mutanen wurin dai sun cika mana duro da ruwa, wani tsoho ya ba ni cuku ya ce in ba mara lafiya. Ni na cinye, don ta ƙi. Muka wuce. A wannan tsakanin ne Inna ta fara rabon kaya: jar akuyarta ta Umma ce, kwallayenta a raba wa jikoki mata, turminta kada a ba matar Baffa don ba ta iya daka ba. Na yi ta zuba mata shirme. Na ce in ta mutu gobe zan auri 'yar Agadas mai haƙoran zinariya. Na ce na ga raƙumi yana tuƙa babur. Ko gezau. Can ta ce, "Nafi'u, gyara mini mayafi."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni maigida ne, ko ɓarawon ƙuli, ko mai wuyan zalɓe. Na gyara mata mayafin, na juya na kalli bango, na ce turaren Gwaggo ne ke sa ni hawaye.

Washegari muka shiga Tanut da hantsi, rana kamar an buɗe murhu. A bakin tasha wani mutum ya tare mu, rigar aikinsa tsaf, gilashin walda a goshi, ya ce sunansa Injiniya. Ya leƙa ya ce wannan ai aikin shan shayi ɗaya ne, amma sai an sauke mara lafiya saboda tartsatsi.

Nan aka tsaya. Maza huɗu suka zo za su kama kusurwar katifa, Inna ta rufe ido tana salati. Wata mata mai sayar da kunu a gefen rumfar, doguwa mai tsagar Barebari, ana ce mata Ya Fanta, ta tambaye ni me ke faruwa. Na gaya mata duka. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce camfi ne ba. Ta ajiye ludayinta ta ce wa mazan, "Ku matsa." Ta ƙwala kira, sai ga mata sun fito daga gidaje, wata da goyo, wata hannunta duk ƙullu. Ta hau tsanin ta sunkuya kan Inna.

"Iya, buɗe ido ki ga masu ɗaukarki. Kin taɓa ganin inda mata suka ɗauki gawa?"

Inna ta buɗe ido ɗaya. Haka matan nan suka sauko da ita suna hayaniya, wannan na cewa a ɗaga can, waccan na cewa an taka mata zani, suka shige da ita gidan Ya Fanta.

Injiniya ya yanke ƙafa biyu na gadon, sai wutarsa ta mutu. Ya ce iskar tukunyarsa ta ƙare, amma yana da janareta a gida, batirinsa ne ya yi sanyi, a ara masa namu na ajiya ya tayar ya dawo. Baffa, mutumin da ke gane saniya mai ciwo daga tafiyarta, ya ɗauki batir da hannunsa ya ɗora wa mutumin nan a babur, har da cewa Allah ya kiyaye hanya. Allah kuwa ya kiyaye, don har yau bai dawo ba. Da muka gaji da jira muka tambayi maƙwabta, suka ce ai mai rumfar ya yi tafiya, wannan baƙo ne, su ma sun ɗauka tare muke.

Baffa ya zauna a kan dutse ya cire hula. Gado ƙafa biyu a yanke, biyu a like, ba gaba ba baya. Na tuna akwai zarton ƙarfe a akwatin kayan aikin motar, tun na sojoji, haƙoransa sun fi na Inna ƙaranci. Na ɗauko, na sa baƙin gilashin Kwasi don in yi kama da ma'aikaci, na kwanta a kan gishiri na fara. Jama'a, na yanka ƙarfen nan har na manta sunan garinmu. Tafin hannuna ya yi ƙwai, ƙwan ya fashe, gishiri ya shiga, na yi ihun da sai da jakunan tasha suka amsa. Agali ya karɓa, Baffa ya karɓa, na sake karɓa. Kafin la'asar gadon ya saki.

Muka juya shi a faɗin motar, kai a yamma, yadda in ta kwanta a damanta za ta fuskanci gaba. Babu walda, amma Agali ya je wajen mahauta ya dawo da ɗanyar fatar raƙumi, ya yanka ta siri-siri, ya jiƙa, ya ɗaure ƙafafun gadon a jikin ƙarafan bodi. Ya ce in ta bushe za ta ƙanƙame, haka suke ɗaure sirdi. Ni kuma na yaye farin yadin Gwaggo gaba ɗaya, na buɗe ƙullin kayan Inna na rataya zannuwanta na atamfa, har da wani mai hoton kifi da take ji da shi. Na ɓamɓare katako ɗaya na gaba, daidai fuskarta, sai ga tagar bayan direba, ga rawanin Agali, ga hanya. Turaren ne ya ƙi fita. Na roƙi Ya Fanta daddawa, na bi katakon nan ina goga masa lungu-lungu. Da na gama, duk wanda ya leƙo sai ya ce ina tuwon.

Matan suka sake ɗauko ta. Ta kwanta, ta dubi kifinta, ta shaƙi iska, ta leƙa tagar.

"Wancan wace hanya ce?"

"Ta gida ce. Yanzu ke ce a gaba, mu muna binki."

"Warin me nake ji?"

"Turaren amare ne na zamani."

"Ɗan banza," ta ce. Raina ya yi fari tas. Ya Fanta ta ba ta kunu a ludayi, ta kurɓa kaɗan, ta ce ya isa. Baffa ya zaro kuɗin da zai ba Ya Fanta, ta ce in ya sake nuna mata sai ta watsa masa kunu, ita ma tana da uwa.

Daga nan aka sami sabuwar matsala: yanzu Inna kudu take kallo, salla kuma gabas take so. Agali ya ce wannan mai sauƙi ne. Duk lokacin salla sai ya sauka daga kan hanya, ya yi ta murɗa sitiyari, gaba, baya, gaba, har hancin motar ya daidaita da alƙibla. Na ce mata, "Amarya, kin san yanzu ma kanki ya koma kudu?" Ta ce, "Motar tafiya take?" Na ce a'a. Ta ce, "To rufe mini baki, ka buɗe ƙofa." A wani ƙauye yara suka taru suna kallon ƙatuwar mota ruwan hoda ta fuskanci gabas ta yi tsit, mu kuma mun yi sahu a gefenta. Na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Wallahi motar ma salla take."

Sai dai kwanakin da ta yi ba ci sun riga sun yi ɓarna. Kafin mu kai Damagaram zazzaɓi ya rufe ta, leɓenta ya tsage, maganarta sai na kai kunne. Muka tsaya a ƙofar wani ƙaramin asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, gajeriya mai faɗa, ta hau tsani tana mita, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa duba mara lafiya a cikin tukunyar miya ba. Amma ta rataya ledar ƙarin ruwa a jikin rufin, ta zauna a kan kantun gishiri tana riƙe da hannun Inna har ruwan ya ƙare. Da za ta sauka ta ja ni gefe.

"Kai ne mai kula da ita?"

"Ni ne mijinta."

"To miji, ruwan leda ba abinci ba ne. In ba ta ci ba, ko kun kai ta gida, kwana kaɗan za ku yi da ita."

Na zagaya bayan mota in gaya wa Baffa, na same shi ya dafa taya, kafaɗunsa na rawa. Na koma da baya a hankali, na yi kamar ina neman takalmina. Da ya dawo ya ce ko mu kwantar da ita a nan ne. Na shiga na tambaye ta. Ta ɗaga yatsa ta nuna tagar.

Muka kama hanyar Matamai. Na zauna a gefen kanta ina ba ta labarin abin da ita ma take gani. Ga gawo, Inna. Ga rumbu irin namu mai hula. Ga amalanken shanu an ɗoro taki, kin ga mutumin ma da ganin ƙeyarsa ɗan ƙasarmu ne. Ga 'yan ƙasa-ƙasa, masu fasa-ƙwaurin fetur, da jarkoki a babur, ko ba a faɗa ba mun kusa iyaka. Na sayi waina, na sayi tsire, na sayi fura, kowanne na kai mata baki ta kau da kai, kowanne na cinye don kada a yi asara. Ni kaɗai ne na yi ƙiba a tafiyar nan, kuma ban taɓa cin abinci mara daɗi irin wannan ba.

A Kwangwalam ma'aikatan iyaka suka zagaye mu, don ba kullum suke ganin motar yaƙi ta yi kwalliya ba. Ɗaya ya hau ya leƙa, fuska a ɗaure. Ya ga gishiri, ya ga zani mai kifi, ya ga tsohuwa. Ya cire hula.

"Sannu Iya. Sannu da hanya. Kin iso gida."

Ta motsa baki. Ya sauko ya ce a buɗe mana.

La'asar sakaliya muka shiga garinmu. Motar ba ta shiga lungunmu, sai Agali ya tsayar da ita a gindin darbejiyar ƙofar gida. Gari ya fashe. Yara na ihu, tsofaffi na tafa hannu, babana ya fito ba takalmi. Aka ce a sauko da ita, ta girgiza kai, ta ce a buɗe ƙofar dai a bar ta ta ji hayaniya. Mata suka riƙa hawa tsani ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ta, suna saukowa suna share ido, don wadda suka gani rabin wadda ta tafi ce.

Umma ta miƙo mini kwano ta ce in gwada. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Na hau na zauna inda na saba. Ban ma kai mata baki ba, na gaji da ganin tana kau da kai. Na wanke hannu, na gutsuro loma ta ƙato, na dangwala, na kai bakina ina lumshe ido.

"Kai, amarya, kin yi asara. Wannan tuwon ko sarki albarka."

Na sake kai hannu. Ina ji idonta na bin lomar daga kwano har bakina.

"Wa ya tuƙa?"

"Umma."

"Da gudaji?"

"Ko ɗaya."

"Ƙarya kake. Uwarka ba ta taɓa tuwo ba gudaji ba. Kawo in ji."

Na gutsuro 'yar ƙarama na sa mata. Ta daɗe tana juya ta a baki. Ta haɗiye. Na sake gutsuro wata. Ta buɗe baki, na ƙara. Ta sake buɗewa. Can na manta na kai wata bakina, sai ji na yi tas a bayan hannuna.

"Cire hannunka, mara kunya. Namiji guda ka zauna kana cinye tuwon matarka. Je ka ce wa uwarka ta ƙaro miya."

Na ɗauki kwanon na nufi tsani. Na zame na zauna daɓas a ƙasa, ina dariya, majina na zuba. Baffa ya taso a guje, fuskarsa ta yi fari.

"Nafi'u! Me ya faru? Me ya same ta?"

Na miƙa masa kwanon.

"Miya take so."

Ya dube ni, ya dubi kwanon. Sai ya fizge shi, ya tattare babbar rigarsa, dattijo guda mai furfura, ya ruga cikin gida yana ƙwala wa mata kira a buɗe tukunya.